Me muke bege idan mun ce Kanon da ta fi daɗi?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda muke ɗaukar begen da dattawanmu ke yi wa zamanin da ya wuce. Duk mai zama a majalisa a Kano, ko mai duba Facebook, ya san yadda abin yake kasancewa. Da zarar an fito da tsohon hoton dalar gyaɗa, ko na ganuwa lokacin da take tsaye da tsayinta, ko na marigayi Sarki Ado Bayero a kan doki ranar Sallah, sai jama'a su rabu gida biyu: manya su yi ta cewa Allah sarki jiya, duniya ta lalace, matasa kuma su ce ai tsufa ne ke magana, wanda ya kasa tafiya da zamani shi ke kukan zamani. A ganina ɓangarorin biyu duk sun bar jaki suna dukan taiki, domin babu wanda ya tsaya ya tambayi ainihin abin da zuciya ke nema idan ta waiwaya baya.

A kan mahaifiyata na fara fahimtar wannan al'amari. Ta yi shekara sama da hamsin a ɗakin aurenta a cikin gari, a wani lungu da ba shi da nisa da kasuwar Kurmi. Bayan rasuwar mahaifinmu, da ta fita takaba, sai mu 'ya'yanta muka yanke shawarar mayar da ita gidana a wata sabuwar unguwa can bayan Kabuga, gida mai doguwar katanga da rijiyar burtsatse da wutar sola, muna ganin mun hutar da ita daga kwata da sauro da hayaniyar lungu. Ba a yi wata huɗu ba ta rame, barci ya ƙaurace mata, abinci ma sai an lallashe ta. Likita ya duba bai ga komai ba in ban da hawan jinin da dama ta daɗe da shi. Wata rana bayan la'asar na zauna kusa da ita na ce, "Hajiya, don Allah me ke damunki?" Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Babu komai, ɗan nan, sai dai tun asuba ban ji sallamar kowa ba."

Na kwana ina juya wannan magana. A tsohon gidanmu, kafin hantsi ya dubi ludayi mata goma sun yi mata sallama: wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo sanar da ita ranar suna, wata ta kawo jaririnta a duba masa cibiya, almajirinta ya zo karɓar ɗumame, wata amarya ta zo kawo ƙarar miji a asirce. Kowace sallama shaida ce a gare ta cewa tana nan, an san da zamanta, kuma akwai wanda safiyarsa ba za ta cika ba sai ya gan ta. Mun ɗauke ta daga wurin da take uwar lungu, mun kai ta inda take tsohuwar da ke cikin ɗakin baya. Da za a ji ta tana cewa da ta fi yanzu, sai a ɗauka arahar gero take nufi, alhali kuwa matsayinta a cikin mutane take kuka.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bibiyar wannan yanayi, kuma ra'ayinsu a kansa ya sauya ƙwarai. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan, mai suna Johannes Hofer, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida ɗaya mai nufin raɗaɗi, ya raɗa wa abin suna nostaljiya, yana ɗaukarsa cuta ce da ke kama mutanen ƙasarsu idan sun yi nisa da gida, har ta kai su ga ramewa da zazzaɓi. Shekaru da dama Turawa suna lissafa shi cikin cututtuka, musamman a tsakanin sojoji. Amma binciken da Constantine Sedikides da Tim Wildschut da abokan aikinsu suka gudanar a Jami'ar Southampton ta Ingila, wanda suka wallafa wani muhimmin sashensa a 2006, ya nuna wani abu daban. Sun gano cewa abin da ya fi tayar da bege shi ne ɓacin rai, musamman kaɗaici, kuma idan aka ce mutane su ba da labarin abin da suke bege, galibi labarin yana zuwa ne cike da mutane: iyaye, abokai, biki, taron dangi. Bincike na gaba da suka yi tare da Clay Routledge ya nuna cewa bayan mutum ya yi irin wannan tunani yakan ji ya fi kusa da jama'a, ya kuma fi jin rayuwarsa tana da ma'ana. Wato dai bege tamkar zazzaɓi ne a jiki, alama ce ta cewa wani abu ya taɓu, kuma yunƙuri ne na zuciya na gyara abin da ya taɓun. Bahaushe ya riga su faɗa da ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, sai dai mukan kawo karin maganar don mu rufe bakin mai bege, maimakon mu tambaye shi abin da bana ta hana shi.

Mu Musulmi ba ma buƙatar zuwa Basel kafin mu san cewa bege ba rauni ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi begen Annabi Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma tun kafin ayari ya iso da rigar ɗansa ya ce yana jin ƙanshinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shaida wa Makka cewa ita ce mafi soyuwar ƙasa a wurinsa, kuma ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda Nana A'isha ta ba da na farkon zuwansu Madina, lokacin da zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal. Idan zazzaɓin ya ɗan saki Bilal, sai ya ɗaga murya yana begen kwana ɗaya a kwarin Makka, yana ambaton ciyayinta da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil. Da aka kai wa Manzon Allah labari bai tsawata masa ba, bai kuma ce a koma ba. Addu'a ya yi cewa Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, ya ba ta lafiya, ya sa albarka a sa'inta da mudunta. Ya karɓi begen a matsayin gaskiya, sannan ya juya shi ya fuskanci garin da ake zaune a cikinsa. Haka kuma ya yi da begen Nana Khadija, domin bayan rasuwarta yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama, ta yadda kewar da ke cikin zuciya ta zama aikin da ake maimaitawa, wanda rayayyu suke amfana da shi.

Duk da haka wajibi ne mu dattawa mu yi wa kanmu adalci, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe jiya yadda take, tacewa take yi. Masana sun tabbatar da cewa ɗacin abin baƙin ciki yana saurin dusashewa a tunani fiye da zaƙin abin farin ciki, kuma sun lura cewa idan mutum ya manyanta, mafi yawan abubuwan da yake tunawa da ƙarfi suna fitowa ne daga tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Ɗauki wanda aka haifa a 1955. Zamaninsa na zinariya zai faɗo tsakanin 1965 da 1985, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, aka yi farin 1973 da ya kashe dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka, aka yi rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki a Disambar 1980 wanda ya ci rayuka sama da 4,000, aka kuma yi layin sayen madara da sabulu da shinkafa a 1984. Talakan karkara yana gudun haraji da jangali har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su bayan ta hau mulki a 1979. Agana tana kashe yara tana makantar da wasu, kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, kuma kusan babu gidan da uwa ba ta binne 'ya'ya ba. Mahaifiyata ta haifi tara, biyar muka rayu. Wanda ya ce komai na da ya fi na yanzu, ƙuruciyarsa yake bege, lokacin da gwiwarsa ke da ƙarfi kuma iyayensa suna raye. Hakan ba laifi ba ne, laifin yana farawa ne idan begen ya rikiɗe ya zama raina 'ya'yanmu da yanke ƙauna daga gare su, alhali an gargaɗe mu a hadisi game da mai cewa mutane sun halaka.

To idan aka tace ƙuruciya aka cire, aka cire arahar kaya wadda ita ma tana tafiya ne da ƙarancin kuɗin shiga na lokacin, me ya rage a cikin begen? A fahimtata abin da ya rage shi ne al'adun da muke maimaitawa tare, waɗanda suke yanka wa shekara gaɓoɓi, suke kuma raka mutum daga wani mataki na rayuwa zuwa wani. Yaron cikin gari a da bai san kalanda ba, amma ya san watan cika-ciki da kuɗin shara tsakanin taubasai, ya san Takutaha da hawan Dutsen Dala, ya san goma ga azumi za a fara tashe kuma gwauraye za su shiga taitayinsu saboda Nalako, sarkinsu, ya san tuwon Sallah da yawon Sallah gidan gwaggo da kawu. Shekara tana da fuska, kowane wata da kamanninsa. Yau yaro a bayan katanga yana iya wayar gari Talatarsa da Juma'arsa, Muharram ɗinsa da Rajab ɗinsa, duk launinsu ɗaya a fuskar waya.

Wani masani mai suna Arnold van Gennep ya yi bayani tun 1909 cewa al'ummomin duniya suna raka mutum ta matakai uku duk lokacin da zai sauya matsayi: a raba shi da matsayinsa na da, a ajiye shi a tsakani na ɗan lokaci, sannan a shigar da shi sabon matsayi a gaban jama'a. Duk wanda ya ga auren Hausa na gargajiya ya ga wannan da idonsa. Ana kamu, yarinya ta yi kukan rabuwa da 'yan matanci; ana sa ta a lalle, ta zauna a lulluɓe a hannun tsofaffi suna yi mata huɗuba, ita ba budurwa ba ita ba matar gida ba; sannan a kai ta, a yi sayen baki da buɗar kai, dangin miji su karɓe ta. Kwanakin nan suna ba zuciya lokacin da za ta cim ma abin da ya faru da ita. Haka zaman makoki yake, haka kwana arba'in na jego, haka saukar Alƙur'ani da allon zayyana. Yanzu mun matse biki ya koma awa uku a ɗakin taro da aka kama haya da kuɗi masu yawa, inda sai mai kati ke shiga, tsofaffin da ya kamata su yi wa amarya faɗa suna zaune a baya ba sa jin maganar juna saboda ƙarar kiɗa. Ta'aziyya kuwa ta koma saƙon WhatsApp da aka kwafo daga wani aka tura. Kuɗin da muke kashewa ya ninka, amma rakiyar ta ragu, kuma ina kyautata zaton wannan yana daga cikin dalilan da amare ke shiga gidan miji da zawarawa ke fita takaba suna jin kamar an jefa su rijiya an tafi.

Na san wani zai ce ai ma'anar rayuwa a wurin Musulmi sananniya ce, an halicce mu ne domin bauta, ba ma buƙatar tashe ko kamu kafin mu san dalilin zuwanmu duniya. Wannan gaskiya ne, kuma ba na haɗa al'ada da ibada a matsayi. Sai dai a lura da yadda ita kanta ibadar aka tsara mana ita: salla biyar a lokuta sanannu kuma an fi son a yi ta cikin sahu, Juma'a a kowane mako, azumi a wata guda tare da kowa, layya da ke tuna mana Annabi Ibrahim, safa da marwa da ke maimaita gudun Nana Hajara tana neman ruwa. Wanda ya halicci zuciya ya san cewa sanin abu a kai bai isa ba, sai an maimaita shi da jiki, a kan lokaci, a cikin jama'a, kafin ya zauna. Kyawawan al'adunmu sun ginu ne a kan wannan ɗabi'a, shi ya sa da yawansu zumunci ne da sadaka da girmama na gaba aka sa musu rigar Hausa.

Ba kuma ina kiran a dawo da komai ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Irin wannan a bar shi, babu hasara. Amma a bar kanwar a riƙe kwana arba'in ɗin da mai jego ke samun tsohuwa a kusa da ita, ana dafa mata, ana karɓar mata jariri ta yi barci, domin shi ne ƙashin bayan al'adar. Abin da nake gani muna yi shi ne akasin haka, mukan zubar da ƙwayar mu riƙe ɓawon, mu bar ciyayya da gaisuwa mu riƙe gasar lefe da anko.

Hukumomi ma suna da nasu kason. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su, amma a 'yan shekarun nan annobar korona ta hana hawa a 2020, daga baya kuma rikicin sarauta ya sa an dakatar da shi fiye da sau ɗaya. Ba na raina dalilin tsaro, rai ya fi hawa. Ina dai so masu yanke hukunci su san nauyin abin da ake rasawa. Yaron da mahaifinsa ya ɗora shi a wuya a Ƙofar Kudu yana kallon hakimai suna jahi a gaban gidan da aka gina tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yana koyon cewa shi ɗan wani gari ne da ya girmi kakan kakansa. Ranar Hawan Daushe kuma yana ganin Sarki da kansa ya nufi Babban Ɗaki domin gaida mahaifiya, darasin da babu allon makarantar da zai koyar da shi kamar haka. Haka batun tashe, wanda ake hanawa a wasu shekaru saboda ɓata-gari da masu ƙwacen waya. Da za a damƙa shi a hannun masu unguwanni da dattawan lungu, a ƙayyade lokaci da wuri, da yara sun samu wasansu ba tare da an ba 'yan daba fili ba.

Game da Hajiya kuwa, ba mu mayar da ita cikin gari ba, domin tsohon gidan an riga an raba gado. Ita ce da kanta ta nemo mafita. Wani daren Juma'a ta sa aka tuƙa tuwo da yawa, ta zuba a kwanuka huɗu, ta aiki jikokinta su kai maƙwabtan da shekara biyu muna zaune ban san sunan wasunsu ba. Na ji nauyin abin, ina tsoron kada a ɗauka roƙon wani abu muke yi. Gida biyu suka dawo da kwano wankakke babu komai, gida ɗaya maigadi ne ma ya karɓa. Ba ta fasa ba. A mako na uku kwano ɗaya ya dawo da dambu, kuma washegari matar gidan ta shigo da kanta, ashe ita ma 'yar cikin gari ce da aure ya kawo ta, tana fama da irin kewar da Hajiya ke fama da ita. Yanzu idan aka yi haihuwa a layinmu Hajiya ake fara kira, kuma ranar Juma'a nakan kai ta tsohon lungunsu ta yini. Har yanzu tana cewa Kanon da ta fi daɗi, ban kuma taɓa yi mata musu ba, amma tana cin abinci tana barci.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, inda wakilanku za su zauna da tsofaffin cikin gari, maza da mata, marina na Ƙofar Mata da dukawa da wanzamai da ungozomomi da malaman allo, a tambaye su dalla-dalla yadda ake yin abubuwa: wa ke kai wa wa kwano, me ake faɗa wa amarya a daren lalle, yaya ake raka wanda aka yi wa rasuwa bayan an watse daga makoki, wane ne ke sasanta maƙwabta kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Tsohon hoto yana tayar da bege ne kawai ya bar mutum da shi, amma irin wannan bayani matashin da ke zaune a Hotoro ko Rijiyar Zaki zai iya ɗauka ya gwada a layinsu. Masu wannan sani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, a lungunmu na da saura mata uku daga cikin sa'o'in Hajiya, kuma ɗaya daga cikinsu ta fara mantuwa. Idan kuna buƙatar wanda zai raka wakilinku ya gabatar da shi a gidajen, a shirye nake in yi hakan.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Kabuga, Kano.